Sunan Da Laure Ta Ƙi Faɗa

Ni dai Gumel da ƙafar wata na san ta. Daga Ɗanzomo aka kawo ni ina amarya, a lulluɓe, aka shigar da ni gidan Hudu mai fataucin fatu, kuma tun daga ranar abin da na sani na garin bai wuce katangar gidanmu da kukar da ke tsakar gida ba. Hudu mutumin kirki ne, sai dai rabin ransa yana kasuwar Maigatari, sauran rabin yana hanyar Damagaram. Uwarsa ta rasu kafin a kawo ni. In ya tafi, daga ni sai kaji, sai cikin da nake ɗauke da shi, shi kuwa ba ya hira.

Wata rana da hantsi, a bazarar 1954 in lissafin Hudu daidai ne, wata tsohuwa ta yi sallama ta shigo ba ta jira an amsa ba. Doguwa ce, busasshiya, ta naɗe jikinta da dogon mayafi irin na matan Sudan, ga ƙullin kaya a ka. Ta je ta dafa kukar nan, ta daɗe a haka, sannan ta juyo ta dube ni sai ka ce ni ce baƙuwar.

"'Yar nan, ina Rahmatu?"

Na ce, "Iya, wace Rahmatu? Nan gidan Hudu ne."

"Gidan Hudu," in ji ta. "To, kukar fa? Ita ma Hudu ne ya shuka?"

Haka na fara sanin Iya Laure. Da Hudu ya dawo ya yi mata bayani cewa kango ya saya ya gina, Rahmatu kuwa ta daɗe da rasuwa, mijinta ma ya bi ta. Tsohuwar ta saurara har ya gama, ta ce Allah ya jiƙan su, ta ɗauki ƙullinta za ta fita. Hudu ya tambaye ta ina za ta. Ta tsaya a bakin zaure ta sauke ƙullin. A ɗakin uwarsa ta kwana ran nan, kuma nan ya zama ɗakinta.

Rahmatu yayarta ce. A Gumel aka haifi Laure, a nan ta auri wani masassaƙi mai suna Sajo. Bayan babbar yunwa da 'yan shekaru Sajo ya ce shi Gabas za shi, suka bi ayarin masu zuwa Makka a ƙafa. Irin tafiyar nan ce da ake yada zango a gari a yi noma damina guda, a samu guzuri, a ƙara gaba. Ta tsinci auduga a Sudan har yatsunta suka faffashe. Ta haifi maza biyu a hanya, ta binne su duka a hanya. Sajo ya rasu a garin Madani na Sudan bai ga teku ba. Ita kaɗai ta haye, ta yi aikin hajjinta, ta juyo, kuma juyowar ta fi tafiyar daɗewa, don sai ta dafa wa lebura abinci ko ta haɗa turaren wuta ta sayar kafin ta matsa gaba. Sama da shekara talatin ke nan. Jirgin ƙasa ya sauke ta a Gagarawa, aka nuna mata motar gyaɗa mai zuwa Gumel, ta ce a'a, ƙafa ce ta fitar da ita, ƙafa za ta mayar da ita.

Bari in gaya muku tun yanzu abin da ni kaina ban sani ba sai da ya zama ba shi da amfani. Ba Rahmatu kaɗai ta dawo nema ba. Ranar da za su tashi, Laure ta bar wa yayarta yarinya 'yar shekara huɗu ko biyar, don ba a jan ƙaramar yarinya a irin wannan hanya. Yarinyar nan 'yar Laure ce ta fari. Ku da kuka san mu kun san sauran. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa cewa "'yata" a gaban mutane ba, ko goya ta ba ta yi sai in ba ido. Mutanen da can ba sa wasa da kunyar ɗan fari, ita kuwa Laure tata ta fi ta kowa tauri. Ta kai ta Makka ta dawo da ita ko kwarzane babu.

Saboda haka abin da take cewa kawai shi ne, "Akwai wata yarinya da Rahmatu ta riƙe." Rahmatu kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta cika gidanta da 'ya'yan dangi da na maƙwabta, ta raine su ta aurar. Duk wanda ya ji tambayar sai ya ce, "Wacce daga ciki?" Sai Laure ta ce, "Wata dai." Wallahi da na san abin da ke ƙasa da na girgiza ta, tsufanta da hajjinta duka.

Da turaren wuta ta riƙa shiga gidaje. Da safe ta jera ƙullin turare a faifai ta fita, sai la'asar ta dawo ƙafafunta fari fat da rairayi. Da farko ta gwada maza masu zaman zaure, ta gane ɓata yawu ne. Namiji ya san gidan wane da jakin wane da gonar wane, amma ka ce masa ya faɗi sunan matar maƙwabcinsa sai ya dube ka kamar ka zage shi. Sai ta koma neman tsofaffin mata, unguwa bayan unguwa, lungu bayan lungu.

In ta dawo sai ta zauna gindin kuka ta haɗa shayinta mai ɗaci, abin da ban taɓa sha ba sai a wurinta, ta miƙe ƙafa ta ba ni garin. Ni da ban taɓa ganin ko ƙarshen lungunmu ba, sai in bar tsintar wake in buɗe baki.

"Yau na sha ruwa a rijiyar Murja," in ji ta.

Na ce Hudu bai taɓa ambatar wata rijiyar Murja ba.

"Ina zai ambata? Su rijiyar Ɗantsoho suke cewa, don shi ya shiga ramin. Murja ce ta yi shekaru tana kaɗi, mazari bai huta ba, har zarenta ya isa a kira mahaƙa. Jikarta ce ta suma a hanyar ɗebo ruwa, ta rantse ba za a sake ba. Ina yarinya na ga ranar da ruwan ya fito. Ta zauna a ƙasa tana kuka, maza suna ta yi wa Ɗantsoho barka."

Wata rana tsamiyar bakin kasuwa ce, inda a shekarar yunwa matan unguwar suka kafa tukunya suna dama kunun dusa wa mutanen arewa da suka gangaro da 'ya'yansu a kafaɗa. Wata rana kafar da mata suka huda a jikin ganuwa da muciya da tsohuwar fartanya, don kada su zaga ta ƙofa da damin itace a ka, an toshe sun sake hudawa har aka gaji aka ƙyale su. Wata rana kududdufin da ake ɗibar yumɓu, inda uwarta ta gina tukwanen aurenta. Ta san wadda ta fara toya ƙosai a wace kusurwa, da wadda ta haihu a bakin marina aka kewaye ta da zannuwa. Duk inda ta ambata da sunan mace take ambatarsa. Ni kuma haka na haddace, har in Hudu ya ce ya bi ta wuri kaza sai na fassara a raina kafin in gane.

Amma ƙarshen kowane labari ɗaya ne. Murja ta rasu. Masu kunun tsamiya sun rasu. Wadda ta san wadda ta sani ta koma ƙauye wurin ɗanta. Laure tana yawo a garin da aka haife ta tana gaida matattu, masu rai kuma suna ce mata "baƙuwar nan mai turare". Na sha ganin ta shigo ta zauna tana murza tafin ƙafarta, sai tausayinta ya kama ni har in rasa inda zan sa idona. Mu biyu muka haɗu, wadda ba ta fita da wadda ba ta da inda za ta shiga.

Akwai gida ɗaya da ta fi yawan ambata, a bayan marina. Ba ta taɓa shigarsa ba. Ta ce duk hantsi akwai mai daka a ciki, tana wani irin lugude, ta buga ciki, ta buga bakin turmi, ta cilla taɓarya ta tafa.

"Haka uwarmu take yi," in ji ta. "Nakan jingina da katangar in saurara har ta gama."

Na ce, "To Iya, ki shiga mana."

"Na tambaya. Gidan wani Malam Rufa'i ne, 'yan Gagarawa, bara waccan suka tare. Baƙo me ya sani na Rahmatu? Hannu ne dai ya yi kama da hannu."

Ni ban yarda da wannan ba, har gobe. Macen da ta shiga kowane gida a Gumel da faifanta, me zai hana ta wannan? Ina jin zuciyarta ta raya mata wani abu, tsoro ya riƙe ta. Ta ƙetare teku ba ta ji tsoro ba, amma ta ji tsoron mace guda ta aje taɓarya ta dube ta ta ce, "Ina kika tafi?"

Ana gab da saukar damina aka kwatanta mata Kyauta mai daddawa, wata tsohuwa da yanar ido ta kusa rufe mata gani, wadda aka ce ƙawar Rahmatu ce ta ƙut da ƙut. Laure ta tafi da murnarta. Ta dawo da wuri, ta shige ɗaki, ko shayin ba ta dafa ba. Na tambaye ta, ta ce kanta ne ke ciwo. Bayan 'yan kwanaki ta sake shiri ta koma, tana ta maimaita wata magana a bakinta a hankali, amma ta tarar Kyauta ta tafi Maigatari wurin 'yarta, sai kaka za ta dawo.

Maigatari ba nisa ba ce ga wadda ta je Makka a ƙafa, kuma har ta ɗaure ƙullinta. Sai naƙuda ta kama ni. Uwata ba ta da rai, ba gidan da zan je wankan jego, Hudu kuma yana Damagaram. Laure ta dube ni, ta dubi ƙullin, ta kwance shi.

"Na jira shekara talatin," ta ce. "Damina guda ba za ta kashe ni ba."

Ita ta karɓi yaron. Ita ta riƙa hura wuta tun asuba tana tafasa ruwa, ta yi mini wanka da ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. In ruwan sama ya jiƙa itace ta yi ta fifita tana faɗa da Larabci. Har na yi arba'in ba ta taka ƙofar gida ba. Ranar da ta fara fita, ta dawo ta aje faifai ta ce, "Mai luguden nan ta daina. Na tsaya har rana ta take, shiru." Na ce wataƙila ta yi tafiya ne, ta ce wataƙila.

Da aka yanke gero Kyauta ta dawo. Ta ji an ce baƙuwa ta neme ta, sai ta lallaɓo da sandarta har gidanmu, ta tarar Laure ta fita. Na shimfiɗa mata tabarma. Ta ji kukan jariri ta ce a miƙo mata shi, ta shafa kansa ta shafa kunnuwansa.

"Namiji ne. Wa aka samu? Me sunansa?"

Na sunkuyar da kai na yi shiru. To me zan ce? Ɗan fari ne.

Kyauta ta fashe da dariya. "Ho 'ya'yan zamani, ashe da sauran masu kunya. Na fari ke nan." Sai dariyar ta tsinke. Ta karkata kai kamar mai sauraren wani abu daga nesa. "Tsaya. Wannan shirun na taɓa jin irinsa."

Na ce, "A ina, Iya?"

"Baƙuwarku. Ta ce yarinyar da Rahmatu ta riƙe take nema. Na shiga lissafo mata su. Na ce ko Husainatu, ta ce a'a. Na kira wata, ta ce a'a. Kowacce a'a, da ƙarfinta. Da na ce ko Zuliha, sai ta yi shiru. Ni ba ido gare ni ba, ban ga fuskarta ba. Na ɗauka ta gaji da cewa a'a ne, na wuce zuwa ta gaba." Ta dafe ƙirji. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Laure ce. Ƙanwar Rahmatu da ta tafi Gabas. Uwar Zuliha ce ta zauna a gabana ban sani ba."

Na ce, "To ai sai a kai ta, yau ɗin nan."

Kyauta ta girgiza kai. Ta miƙo mini yaron.

Muna zaune a haka Laure ta yi sallama. Ta ga Kyauta, ta tsaya da faifai a hannu. Kyauta ta ce, "Laure, zauna." Tun da ta dawo garin, ban da ni da Hudu ba wanda ya kira ta da sunanta. Ta ƙi zama.

"Wane gida?" Shi ke nan abin da ta tambaya.

"Gagarawa aka aurar da ita. Sun dawo nan bara waccan. Gidan Malam Rufa'i, bayan marina."

"Mai lugude."

"Ita ce. Zazzaɓi ne, Laure, lokacin da gero ya fara fid da kai. Ba ta daɗe a kwance ba."

Laure ta aje faifan a hankali, ta gyara ƙullin turaren da ya karkace. Ta ɗauki buta ta zaga. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, ni ce na yi, har Kyauta ta ce in bari kada nono ya ɗauke. Na yi kukan baƙin ciki, na yi na haushi. Kalma guda ce, kalmar da ko akuya za a iya koya wa, ta tsaya tsakanin uwa da 'ya da katanga ɗaya kawai ta raba.

Washegari Hudu ya ba ni izini in raka ta gaisuwa. Ranar na fara taka Gumel da ƙafata, da rana tsaka, goye da yaro. Laure tana gaba, ina biye. Sai na ga ashe na san hanyar. Ga rijiya mai dutsen baki da igiya ta cinye, na ce a raina, Murja. Ga tsamiya, ga gurbin da murhu ya ƙona saiwarta. Ga kududdufi ya cika da ruwan damina, yara suna wanka. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba, amma ba wanda ya zama mini baƙo. Na riƙa faɗin sunayen a fili ko za ta tanka, ba ta tanka ba.

A bakin katangar bayan marina ta ɗan tsaya, daidai wani wuri da jingina ta goge. Sannan ta shiga.

Wata matashiya ce ta tarbe mu, doguwa, ta zo daga gidan mijinta tana kula da ƙannenta. Muka gaisa, muka yi mata gaisuwar rashi, ta kawo ruwa. Ga turmi can a kife a gindin rumbu, taɓarya a jingine. Laure ba ta sha ruwan ba, fuskar yarinyar kawai take kallo.

"'Yar nan, yaya sunanki?"

"Uwani."

"Na yanka fa?"

Ta yi murmushi. "Laure. Amma ba mai kira. Inna ko sau ɗaya ba ta taɓa kira ba, sunan uwarta ne, wadda ta tafi Gabas tun tana ƙarama. Ko na yi laifi tana cikin fushi, sai dai ta ce Uwani. Takan ce ba za ta yi wa uwarta rashin kunya ba, ko da ba ta nan." Ta dubi mayafin Sudan ɗin, ta dubi ƙafafun. "Iya, kin san ta ne?"

Laure ta tashi ta je wurin turmin. Ta tayar da shi, ta share rairayin bakinsa da gefen mayafinta, ta sa hannu ciki ta shafa inda daka ta lotsa.

"Zuliha," ta ce. Ta sake faɗa. "Zuliha." Sai ta juyo ta dube ni, idonta a bushe. "Hasanatu, ashe sunan ba shi da nauyi ko kaɗan."

Ta ƙara damina uku a duniya. Uwani ta so ta ɗauke ta, Malam Rufa'i ma ya yi mata tayin ɗaki, ta ce a bar ta gindin kukarta. Yawo kuwa ba ta fasa ba, sai dai yanzu ta san inda za ta. In wani mai zaman zaure ya ce, "Iya, ina zuwa?" sai ta ce, "Gidan Zuliha." In ya ce ai gidan Malam Rufa'i ne, ta ce, "Shi ma yana ciki." Sunan da ta ɓoye tun tana matashiyar uwa, sai ga shi tana faɗinsa a bakin rijiya, a kasuwa, a gaban manya da yara, da dalili da ba dalili. Wani lokaci tana tankaɗe a tsakar gidanmu sai in ji ta ɗaga murya ta kira shi, irin kiran da uwa ke yi in tuwo ya sauka yarinya tana waje. Sai ta tsayar da rariya ta ɗan saurara, sannan ta ci gaba da tankaɗenta.